Sayen Uwar Garke a Arewacin Yobe: Yadda Ake Auna Aiki da Kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya saba sayen gero ko riɗi a Jajimaji ya san ba a duban girman buhu a biya kuɗi. Sai an zura hannu an ji ƙwayar, an kuma lissafa kuɗin dako da na mota zuwa Nguru ko Gashuwa. Irin wannan lissafi ne ake bukata wajen sayen babbar kwamfutar nan da ake kira uwar garke, wato wadda ke riƙe da bayanan ma'aikata baki ɗaya, sauran kwamfutoci suna ɗiba daga gare ta.

A da wannan magana ba ta shafi yankin ba, amma yanzu ta zo har gida. An kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Nguru, sannan tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, abin da ya sa buɗe ɗakin jarrabawa ya zama sana'a. Haka kuma makaranta mai zaman kanta, ko babban kantin magani, ko ƙungiyar adashi a hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, duk wadda littattafanta suka fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, za ta wayi gari tana neman wannan na'ura.

Abin da ya fi raba wata uwar garke da wata shi ne ƙwaƙwalwarta, wato ɗan guntun da ke yin lissafi. Kamfanoni biyu na Amurka ne suka mamaye kasuwar: Intel, wanda ya fito da Xeon a 1998, da AMD, wanda ya fito da EPYC a 2017. Kowace ƙwaƙwalwa tana zuwa da lambobi uku da ya kamata mai saye ya fahimta: yawan ƙwayoyin lissafin da ke cikinta, da saurinta wanda ake aunawa da gigahaz, da zafin da aka tsara za ta fitar idan aiki ya kankama, wanda ake aunawa da wat.

Ƙwayoyi kamar 'yan dako ne a bakin mota. Idan buhuna dubu za a loda, kuma akwai fili, mutum 28 sun fi mutum huɗu. To amma idan ƙofar sito ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu a lokaci guda, sauran 26 zaman kallo za su yi, kuma sai an ba su abinci. Yawancin manhajojin lissafin kanti da na rajistar ɗalibai irin wannan ƙofa gare su. Abin da ke amfanarsu shi ne ƙarfin ƙwaya ɗaya. A nan ne dillalai kan ruɗi mai saye, domin lambar 28 ta fi daɗin faɗi.

Gigahaz ma ba abin dogaro ba ne idan ƙwaƙwalwan ba sa'o'in juna ba ne, saboda sabuwa takan yi aikin da ya fi na tsohuwa a sauri iri ɗaya. Shi ya sa ake duba sakamakon gwaji, irin na ƙungiyar SPEC da aka kafa a 1988, ko na kamfanin PassMark wanda kowa ke iya dubawa kyauta a intanet. A lura da maki biyu: na ƙwaya ɗaya, da na dukan ƙwayoyi a haɗe.

Ga misalin zaɓin da mai saye daga Yobe zai iya tararwa a Titin Beirut na Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Na farko, uwar garke ta hannu irin Dell PowerEdge R730 ko HP ProLiant DL380 Gen9, mai ƙwaƙwalwa biyu samfurin Xeon E5-2680 v4 na 2016. Kowace tana da ƙwaya 14 da wat 120, jimla ƙwaya 28 da wat 240 ke nan. Na biyu, ƙaramar sabuwa irin Dell PowerEdge T150 mai Xeon E-2314 na 2021, ƙwaya huɗu kacal, wat 65. A makin haɗaka tsohuwar ta ninka sabuwar fiye da sau biyu. A makin ƙwaya ɗaya kuwa sabuwar ce kan gaba. Tun da Naira ta faɗi daga wajen 460 a kan Dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, sabon kaya ya yi tsada matuƙa, idon jama'a ya karkata ga na hannu. Ba laifinsu ba ne, sai dai kuɗin da aka biya a kanti somin taɓi ne.

A ƙaddara tsohuwar tana jan wat 250 gaba ɗayanta, da fankoki da faifan ajiya, ƙaramar kuma wat 80. Waɗannan alƙaluma na misali ne, kowace na'ura da nata. Idan aka bar su a kunne dare da rana, ta farko za ta ci yunit 6 a kullum, wato 2,190 a shekara, ta biyu kuma kimanin 700. Bambancin ya kusa yunit 1,500. Inda wutar kamfani ke tsayawa, wannan abu ne da za a iya jurewa. Inda kuwa janareto ne madogara, litar man dizal ɗaya takan ba da wajen yunit uku, don haka bambancin ya zama kimanin lita 500 a shekara. Mai karatu ya ninka wannan da farashin lita a gidan man da yake saye, sannan ya ninka da shekara biyar ɗin da ake sa ran na'urar za ta yi. Sau da yawa abin da zai fito ya zarce rangwamen da aka samu ranar ciniki.

Mai amfani da hasken rana ma bai tsira ba, domin shi a wajen batir yake biya. A tsawon awa 14 da babu rana mai ƙarfi, tsohuwar na bukatar yunit uku da rabi. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar yunit 2.4, kuma rabinsa kawai ake sha idan ana so ya daɗe. Ke nan tsohuwar batir uku take nema, ƙaramar kuwa ɗaya ya kusa isarta.

Sai kuma zafi. Duk wat ɗin da na'ura ta ja, zafi yake komawa a cikin ɗaki. Yawancin waɗannan na'urori an tsara su ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru da Gashuwa kan haura 40. Tsohuwa mai wat 250 ba ta zama lafiya sai da na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita kanta ta fi ta cin wuta. Da hunturu kuma ƙura ke toshe mata hanci, fankokinta su yi ta ruri.

Akwai wani kuɗin da ake mantawa da shi. Tun 2016 kamfanin Microsoft yake sayar da lasisin Windows Server bisa yawan ƙwayoyi, mafi ƙanƙanta na ƙwaya 16. Mai ƙwaya 28 sai ya ƙara sayen na 12, ko yana amfani da su ko ba ya yi. Wanda ya zaɓi Linux ya kuɓuta daga wannan, muddin yana da ma'aikacin da ya iya shi.

Duk da haka akwai inda tsohuwar ta fi dacewa. Ɗakin jarrabawa mai kwamfuta 250, wanda ke aiki awa goma a rana na tsawon kwana 40, yunit 100 kawai uwar garkensa za ta ci, kuma dama janareto yana kunne saboda sauran na'urori. Haka nan ma'aikatar da ke son raba na'ura ɗaya ta yi aikin shida ko takwas, da gaske take bukatar ƙwayoyi masu yawa. Ga wanda ke tsakiya, AMD ya fito da jerin EPYC 4004 a 2024, a cikinsu akwai mai ƙwaya 12 a kan wat 65, sai dai ya kamata a tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara a kusa kafin a saya. Manyan samfurori irin EPYC mai ƙwaya 192 da wat 500 kuwa na rumbunan bayanai ne na Legas da makamantansu.

Kafin a biya, mai saye ya nemi a kunna masa na'urar a kanti, a haɗa ta da ƙaramin ma'aunin wat irin wanda ake soka wa a soket, a karanta abin da take ja tana zaune da kuma tana aiki. Ya kuma tambayi irin faifan ajiyar da ke ciki, domin sau da yawa nawar da ake ɗora wa ƙwaƙwalwa daga tsohon faifai mai juyawa take, kuma sauya shi da SSD ya fi sauya na'ura araha nesa ba kusa ba.