Shehu Najmuddin Kubra da Ranar da Gurganja ta Faɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta, Sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa.

A shekarar 1218, gwamnan garin Utrar ya kashe ayarin fatake da suka fito daga ƙasar Jankis Khan, sarkin Mangol, waɗanda littattafan tarihi ke kira Tattar. Jankis ya aiko manzo neman hakki, Sultan Ala'uddin Muhammad, mai mulkin daular Khawarizm, ya sa aka kashe manzon. A 1219 rundunar Mangol ta tsallako. Bukhara da Samarkand suka faɗi a 1220, Sultan ya gudu, ya rasu a wani tsibiri cikin Tekun Kaspiyan.

Sai aka kewaye Gurganja, babban birnin daular. A nan Shehu Najmuddin Kubra yake, wanda ɗariƙar Kubrawiyya ke jingine gare shi, shekarunsa sun haura 70. Littattafan manaƙibi sun ruwaito cewa an yi masa tayin fita da aminci, ya ƙi. Mutanen da ya zauna da su cikin yalwa, ba zai juya masu baya ba ranar tsanani. Ya sallami manyan muridansa su koma garuruwansu, shi kuwa ya sanya rigarsa ta sufaye, ya ɗauki mashi da duwatsu, ya fita. Ya yi shahada a 1221, daidai da 618 bayan Hijira. An gwabza unguwa-unguwa, gida-gida, kafin birnin ya rushe.

Mai duban zahiri zai ce takobi ya yi nasara. To amma cikin almajiran Shehu akwai Saifuddin Bakharzi, wanda ya zauna Bukhara yana tarbiyya bisa kufan gari. A hannunsa, kamar yadda masana tarihi suka kawo, Barka Khan ya karɓi Musulunci. Barka kuwa jikan Jankis ne, ɗan Juci, ɗaya daga cikin jagororin da suka kewaye Gurganja. Bayan Hulaku ya rusa Bagadaza a 1258, kuma Mamalik na Masar sun karya rundunarsa a Ainu Jalut a 1260, Barka ya ƙulla ƙawance da Sultan Baibars, ya yaƙi Hulaku, ɗan'uwansa na jini.

Darasi ga muridi biyu ne. Na farko, halwa da wuridi ba mafakar tsoro ba ne. Sultan mai dubban dawaki ya gudu, tsoho mai tasbaha ya tsaya. Na biyu, Shehu bai riƙe almajiransa su mutu tare da shi ba, domin ya san amanar da ke ƙirjinsu ta fi ganuwar birni daɗewa. Bai ga amfanin abin da ya shuka ba, wasu suka girbe bayan shekaru. Muridin da ke gaggawar ganin sakamakon hidimarsa ya tuna da wannan.

Allah Ya ƙara wa waliyyanSa yarda, Ya tabbatar da dugadugan muridai bisa alkawari. Amin.