Darasi: Ɗariƙa Karɓarta Ake Yi

'Yan'uwana ɗalibai, da harshen Gbagyi na tashi, Hausa kuwa koyonta na yi. Kwanakin baya na je wata zawiyar Tijjaniyya a Gwagwalada, na ce wa muƙaddamin: "Malam, rajista nake son yi." Ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, ɗariƙa ba a yi mata rajista, karɓarta ake yi."

Ga kalmomin da na koyo ranar:

Ɗariƙa: daga Larabci, ma'anarta hanya.
Muƙaddami: mai izinin ba da wuridi.
Muridi: almajirin da ya karɓa.
Lazimi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma.
Wazifa: zikirin da aka fi yi cikin jam'i, kullum.

Mu lura da aikatau "karɓa". Abin da aka karɓa hannu da hannu amana ne. Wannan amana tana komawa ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas ta ƙasar Maroko a 1815. Cikin sharuɗɗanta, ba a ajiye wuridi har mutuwa, ba a kuma haɗa shi da na wata ɗariƙa, kamar Ƙadiriyya.

Da jin haka sai na auna kaina. Wanda yake makara sallar asuba lokacin jarrabawa, ina shi ina lazimi? Na ce zan fara gyara farilla tukuna. Malam ya ce: "Sannu ba ta hana zuwa."

Aikin gida: ku gina jimla biyu, ɗaya da "shiga", ɗaya da "karɓa", ku fito da bambancinsu.