Amsoshin Tambayoyinku: Ta ina zan fara koyon rubuta manhaja?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Bilma, mahaifina mai aikin gishiri ne a Kalala. Ina sha'awar koyon rubuta manhaja, amma ba ni da kwamfuta sai salula, rezo kuma yau akwai gobe babu. Ta ina zan kama?

Amsa: Ƙanena, in dai salular taka Android ce, ta ishe ka farawa. Ranar da rezo ya samu, ka sauke manhajar Pydroid 3. Da zarar ta zauna a waya, kana iya rubuta umarni ka gwada ba tare da intanet ba. Yaren da take aiki da shi Python ne, wanda Guido van Rossum, mutumin ƙasar Holan, ya fitar a 1991. Shi nake so ka riƙe, shi kaɗai, har wata shida. Za ka ji ana yabon Java ko JavaScript, duk suna da amfani, amma na ga yara masu ƙwazo da yawa sun gaji tun ba a je ko'ina ba saboda kowane mako da yaren da suke tsallakawa gare shi.

Kada Turanci ya razana ka. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa ba su kai 40 ba, irin su if da for da while, sauran sunaye kuwa yawancinsu kai za ka raɗa, ko da Hausa ko da Barbarci. Tunda da Faransanci kuke karatu, nemi littafin Gérard Swinnen, Apprendre à programmer avec Python 3, kyauta ake sauke shi. Sauke shi sau ɗaya, ka huta da jiran rezo.

Darasin farko yana bakin kasuwarku. A ciniki da dala ake magana, a takarda kuwa sefa ake rubutawa, kowace dala sefa 5. Rubuta layi biyu:

dala = 350
print(dala * 5)

Ka taɓa maɓallin gwaji, 1750 za ta bayyana. To, ka rubuta manhaja ke nan. Gobe ka sa ta tambayi adadin da kanta. Jibi ka je wurin Baba ka tambaye shi yadda yake lissafi idan ayarin Buzaye ya sauka: kantu nawa aka ɗauka, beza nawa, hatsi nawa aka karɓa a madadi, wa ya biya, wa ake bi. Mayar da wannan lissafi cikin waya zai tilasta maka koyon jeri da sharaɗi da maimaitawa, waɗanda su ne ƙashin bayan aikin duka. Kuma akwai mai duba maka, domin in jimilla ta karkace, Baba zai gane tun kafin ka rufe baki.

Kuskure kuwa dole ne. Ka manta alama ɗaya, ko tazarar farkon layi ta zarce, sai wayar ta zubo maka rubutun ƙorafi. Kada ka goge aikinka cikin fushi. Karanta layin ƙarshe, shi ke faɗin irin kuskuren, a samansa kuma za ka ga lambar layin da ya lalace. Ina roƙonka, kada ka kwafo amsa daga ChatGPT ka liƙa ba ka fahimta ba. Rubuta kowane layi da yatsanka. In caji ya ƙare, ɗauki biro ka tsara umarnin a takarda, ka bi shi layi-layi kamar kai ne injin.

Rubutu a fuskar waya yana gajiyar da yatsu, don haka in wani zai tafi Agadas, ba shi saƙon ƙaramin allon rubutu mai haɗuwa ta Bluetooth. Ka kuma ja abokin karatu ɗaya ku riƙa duba aikin juna. Idan ka kammala lise, akwai jami'a a Agadas tun 2014, a Yamai kuma akwai cibiyar CIPMEN mai rainon matasa masu ƙananan kamfanoni, har da na fasahar zamani. Duk inda ka nufa cikinsu, tafi da manhajar lissafin gishirin nan a wayarka ka nuna musu.