Kafin ka ɗora bene

Ɗana, na ji kana shirin ɗora bene a kan gidanka, har an fara sauke yashi a ƙofar gida. Allah ya sanya alheri. Amma kafin siminti ya iso, amsa mini tambaya guda: ranar da aka haƙa harsashin gidan nan, da niyyar bene aka haƙa shi?

Yawancin gidajenmu bango da rufin kwano kawai aka yi su su ɗauka. Rami iyakar gwiwa, ɗan kankare, a jera bulo, shi ke nan, kuma gidan ya shekara talatin lafiya lau. To dakin, wato rufin kankare, ba kwano ba ne. Kankare mai kaurin inci shida, duk murabba'in mita guda nauyinsa ya kai buhun siminti bakwai. Ɗaki mai mita huɗu tsawo da faɗi, kusan tan shida ke nan ka ɗora masa, tun ba a zo ga bangon sama da jama'a da tankin ruwa ba. Tankin nan mai lita 1,000 da ake rainawa, in ya cika tan guda ne cur.

Duk nauyin nan a kan ƙasa yake sauka, ita kuwa ƙasa iri-iri ce. A Kano, filaye da dama tsofaffin kududdufai ne da aka cike da bola, sama ta yi kyau, ciki kuwa ruɓaɓɓe. A wasu sassan Borno da Adamawa akwai baƙar laka mai kumbura da damina, ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Shi ya sa ake gwajin ƙasa kafin a yi bene.

Na san birkilanka zai ce, "Alhaji, zai ɗauka, mun yi irinsa ba adadi." Kada ka raina shi, hannunsa ya san aiki. Sai dai lissafin nauyi ba fanninsa ba ne. Ko a zamanin tubali da azara, ba kowane magini ake ba wa soron sarki ba, akwai Sarkin Magina, akwai gwanayen da suka san iyakar tazarar da azara za ta iya ɗauka. Yau hukumar COREN ce ke yi wa injiniyoyi rajista, CORBON kuma ta magina. Nemi injiniyan da ke da rajista, ya zo ya tona gefen harsashin ya gani da idonsa, ya zana, ya buga hatiminsa. Kuɗinsa bai kai na tayil ɗin da za ka shimfiɗa a falo ba.

Sai takardar izini. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, jihohi kuma da hukumominsu, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna. Mutane na ƙorafin jinkiri da zirga-zirga, ban ce ba su da gaskiya ba. Amma ka jure. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne a amince maka da zane guda, ka je ka gina wani daban. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe mutum fiye da arba'in har da mai shi, jami'an jihar sun ce hawa 15 aka ba shi izini. Kada ka ce abin na Legas ne. A Agustan 2022 bene ya rufta a titin Beirut cikin Kano ana tsaka da aikinsa, a Yulin 2024 kuma ginin makaranta ya danne ɗalibai a Jos, aka rasa rai 22. Muna cewa ƙaddara, kuma haka ne, amma wanda ya rage rodi da gangan sai ya amsa tambaya gobe kiyama.

Kuma bari in faɗa maka gaskiya, sau da yawa ba ɗan kwangila ke fara rage kaya ba, mai gida ne. Kuɗi sun yi ƙasa, sai ya ce a sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16, a buɗe tazararsu kaɗan, a ƙara yashi. Idan kuɗi suka gaza, a tsaya. Ginin da ya jira shekara bai yi wa kowa illa ba.

Ranar zuba dakin, ka bar kasuwa ka zo. Kafin a zuba, injiniya ya ƙirga rodin, ya duba an ɗaga su daga katako yadda kankare zai lulluɓe su, don rodin da ya leƙo waje tsatsa ce za ta cinye shi. Kwaɓin da aka saba, kwanon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, sai in injiniya ya ce a ƙara ƙarfi. Ka sa ido a kan ruwa. Leburori sun fi son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa don ya fi sauƙin juyewa, alhali ruwan nan da ya yi yawa shi ke kashe ƙarfin kankare. Bayan an zuba kuma, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, balle a zafin bazara ko iskar hunturu. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Kafinta zai matsa maka a cire turakun da ke tokare da dakin, don yana da wani aikin da ke jiran katakonsa. Ka ba shi haƙuri har injiniya ya ce a cire.

Tun yanzu ma zagaya gidan ka duba. Tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace, ko ƙofar da ta fara cijewa ba dalili, alama ce harsashin yana motsi tun ba a ƙara masa kaya ba. In injiniya ya ce ba zai ɗauka ba, akwai mafita: a kafa sabbin ginshiƙai masu nasu harsashin su ɗauki benen, ko ka yi ɗakunan a filin da ya rage ta bayan gida. Yashin da aka sauke ba ya lalacewa, ka sa yara su killace shi da bulo kada ruwa ya kwashe shi zuwa kwata.