Ɗalibai, Kada Kulorin Ya Ruɗe Ku

Ƙannena ɗaliban Adjamé da Treichville da kuka fara karatun kimiyyar sinadarai, ku dubi kulorin a jadawalin Mendeleyev: nauyinsa 35.5. Ba a raba furoton biyu, to ina rabin ya fito?

Kulorin ɗin da ke cikin gishirin miya da ruwan Javel iri biyu ne, su ake kira isotof. Kowanne furoton 17 gare shi, amma ɗaya niyutron 18, ɗayan 20, shi ya sa nauyinsu 35 da 37. Inda ɗalibai da yawa ke faɗuwa shi ne su haɗa 35 da 37 su raba biyu, su sami 36. Kuskure ne, don mai nauyin 35 ya kai kusan kashi uku cikin huɗu.

Ku tambayi kowane mai sarin kaya a kasuwar Adjamé. In ya sari buhu uku a jika 35, ɗaya a jika 37, kuɗin jika 142 ne; a raba huɗu, kowane buhu ya tsaya masa 35.5. Lissafin ke nan, ba ƙari.

Ku gwada da tagulla yau da dare: mai nauyin 63 kashi 69 cikin ɗari, mai nauyin 65 kashi 31. Kada ku buɗe jadawali sai kun gama.