Yadda ake gano nauyin da kowane katako ke ɗauka a rufin kwano

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci, ɗakin kwano sai ƙara maye gurbin soron azara da na jinka yake yi. Akan sayo katako daga 'Yan Katako na Rijiyar Lemo ko Na'ibawa, kafinta ya haɗa, ya buga ƙusa, a shimfiɗa kwano. Ido da sabo ne ma'auninsa, kuma sau da yawa sukan wadatar. Amma akwai lissafin da ke nuna ƙarfin da ke bin cikin kowane katako, wanda ɗaliban injiniya ke koyo a Jami'ar Bayero, kuma asalinsa bai wuce ninkawa da rabawa ba. Ina ganin ya kamata kowane kafinta da mai gida su san shi.

Tushensa ɗaya ne. Duk abin da ke tsaye bai motsa ba, ƙarfin da ke tura shi ta wani gefe yana da daidai da shi da ke tare shi ta ɗaya gefen: na sama da na ƙasa, na dama da na hagu, da mai neman juya shi. Wannan yana cikin dokokin da Isaac Newton ya wallafa a 1687, kuma a 1847 wani injiniya a Amurka, Squire Whipple, ya nuna yadda ake bin gaɓoɓin gada ɗaya bayan ɗaya da wannan ƙa'ida.

Da farko a zana rufin a takarda, ko ma a ƙasa da tsinke. Mu ɗauki ɗaki mai faɗin ƙafa 16. Katako ɗaya ya kwanta daga bango zuwa bango, biyu sun jingina da juna sun haɗu a tsororuwa, ƙafa 6 sama da na kwancen. Kowane na jingine zai zama ƙafa 10 ke nan, domin rabin faɗin ɗakin ƙafa 8 ne, kuma 6 da 8 da 10 su ne ma'aunin kusurwa madaidaiciya da magina suka sani.

Sai a tara nauyi: kwano, katakan da aka buga shi a kai, da mutumin da zai hau ya yi aiki. Wanda ke shimfiɗe a kan katakan jingine, rabinsa yana sauka kan bango kai tsaye, rabi yana taruwa a tsororuwa. Mu ƙaddara abin da ya taru a can kilo 180 ne. Tunda a tsakiya yake, kowane bango ya ɗauki 90.

Yanzu a zo gaɓar da katakon jingine ya sauka kan bango, nan ne zuciyar aikin. Bango yana tokarewa sama da kilo 90. Katakon jingine kuwa ba a tsaye yake danna ba, a karkace yake zuwa, don haka yana danna ƙasa, yana kuma tura waje a lokaci ɗaya. Ƙarfin nan yana rabuwa daidai da yadda tsawon ɓangarorin zanen suka rabu. Tsayin ƙafa 6 shi ne ke wakiltar kilo 90, wato kowace ƙafa kilo 15. Katakon jingine mai ƙafa 10 ana matse shi da kilo 150. Ƙafa 8 na kwance kuma suna nuna kilo 120 da ke tura bango waje. Wa zai tare wannan? Katakon kwance. Shi ba danna shi ake yi ba, jan sa ake yi daga ƙarshe biyu kamar igiyar guga.

A nan ne nake roƙon mai gida ya natsu. Katako ya yi tsada, sai a ce wa kafinta ya rage tsayin rufi don a yi tsimin kaya. A sauke tsororuwa zuwa ƙafa 3, a sake lissafin. Yanzu ƙafa 3 ke ɗauke da kilo 90, kowace ƙafa 30. Jan da ke kan katakon kwance ya koma 240, ya ninka, na jingine kuma ya haura 250, alhali ba a ƙara ko falle ɗaya na kwano ba. Ga shi yawancin katakon kasuwa ƙafa 12 ne, bai kai 16 ba, dole a yi masa haɗi. Duk jan nan a kan ƙusoshin haɗin yake. In suka sake, ƙafafun rufin su buɗe, bangon laka ko na bulo ya tsage daga sama. Don haka a haɗa da dogon saɓi, a mara guntun katako ta gefe biyu, a yawaita ƙusa ko a sa noti.

Idan nauyin ba a tsakiya yake ba, sai a auna nisa. Buhun gero mai kilo 100 da aka ɗora a kan katakon kwance, ƙafa 4 daga bangon hagu da 12 daga na dama, hagu ne zai ɗauki 75, dama 25. Bangon da ya fi kusa shi ya fi shan kaya. Irin wannan ajiya tana lanƙwasa katakon da dama can jan sa ake yi, gara a nema wa hatsi rumbu.

Mataki na ƙarshe shi ne a juya lissafin. Iskar hadarin farkon damina, a watannin Mayu da Yuni, tana tsotsar kwano sama, kuma kwano ba shi da nauyin da zai zaunar da kansa. A wannan lokaci katakon da ake matsewa ya koma ana jan sa, bango kuma maimakon ya tokare, sai ya riƙe. Ƙusa kaɗai ba za ta yi wannan aikin ba. A ɗaure ƙafar kowane katakon jingine da langa-langa ko rodin da aka binne cikin ginin tun ana ɗora bulo, layi biyu ko uku ƙasa da saman bango, don nauyin ginin ya shiga cikin riƙon. Kafin ruwan farko a hau a duba ɗaurin, a ƙwanƙwasa katakan da ke taɓa bango ko gara ta ci su, a sauya wanda ya yi ƙarar rami.