Darasi: Shugaban Ƙaramar Hukuma da Aikin da Doka ta Ɗora Masa

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano kuwa tana da 44 a cikinsu. Yawancinmu mun san sunan shugaban ƙasa da na gwamna, amma kaɗan ne za su iya faɗin aikin ciyaman da kansila. Bari mu ɗauki Wudil a matsayin misali domin mu fahimci wannan aiki.

Wudil tana bakin kogi, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri. Kowace ranar Juma'a kasuwar shanunta tana cika, ana loda dabbobi a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan. A garin ne makarantar horar da manyan 'yan sanda take, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2001, aka kuma sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. Duk da haka, ƙaramar hukumar ta manoma ce da masunta da makiyaya. Mutanen Utai, Darki, Indabo, Lajawa da Kausani ba su ganin gwamna sai lokacin neman ƙuri'a. Gwamnatin da suke iya kaiwa gare ta da ƙafa ita ce wadda take sakatariya.

Dā can, mulkin karkara yana hannun En'e: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Gyaran da gwamnatin soja ta yi a 1976 shi ne ya mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na gwamnati, mai tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa. Tsarin mulki na 1999 ya tanadi cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ta, ya kuma lissafta ayyukanta a Jadawali na Huɗu. Daga ciki akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwata da makabarta, gyaran hanyoyin ƙauye da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da noma.

Mai karatu zai ce waɗannan ƙananan ayyuka ne. Haka suke a takarda. Amma a ƙasar da ke bakin kogi, kwalbatin da ya toshe a farkon damina shi ne gidan da zai rushe a watan Agusta. Ɗakin shan maganin da ba ungozoma shi ne mace mai naƙuda da za a ɗora a babur cikin dare. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba zai sha wahala ranar da zai shiga sakandare. Kuɗin da ake karɓa a bakin kasuwa ranar Juma'a, idan da rasit aka karɓa, yana iya zama rumfa da rijiyar burtsatse. Idan ba rasit, ba wanda zai sake jin labarinsa. Ciyaman da ya sayi motoci, ya raba buhunan shinkafa a gaban 'yan jarida, amma ya bar waɗannan, bai fara aikinsa ba tukuna.

Ekklesiya tana da koyarwa a kan wannan. A 1931 Paparoma Pius na 11, cikin wasiƙarsa Quadragesimo Anno, ya nuna cewa rashin adalci ne babbar hukuma ta karɓe abin da ƙaramar ƙungiya za ta iya yi da kanta. Aikin babba shi ne ya tallafa. Mun kuma tuna shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa a Littafin Fitowa, sura ta 18: ya naɗa amintattun mutane masu ƙin cin hanci a kan ƙananan rukunoni, har na mutum goma, domin kada kowace magana ta jira mutum ɗaya.

A nan ne matsalar kuɗi ta shigo. Shekaru da yawa kason ƙananan hukumomi yana faɗawa asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha, gwamnoni da dama kuma suna naɗa kantomomi maimakon a yi zaɓe. Wanda aka naɗa, wanda ya naɗa shi yake tsoro. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kwamitin riƙo ba. Aiwatar da hukuncin ya yi tafiyar hawainiya a shekararsa ta farko. Ko da an aiwatar da shi sarai, kuɗin zai iya ɓacewa a sakatariya kamar yadda yake ɓacewa a birni, muddin ba mai tambaya.

Kiristoci ba su da yawa a Wudil, wasu ma baƙi ne da aiki ko karatu ko kasuwanci ya kawo su, saboda haka sukan ce wannan ba ruwansu. Amma rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, asibiti ɗaya muke zuwa. A taron zumuntar mata da na matasa na wannan wata, a nemi sunan kansilan mazaɓa, a rubuta buƙata guda ɗaya daga cikin ayyukan da muka ambata, a kai wa mai unguwa ya sa albarka, sa'an nan a je wurin kansila tare da maƙwabta, a kuma ajiye kwafen takardar da ranar da aka kai ta.